Yaron da aka kawo mana da mari a ƙafa

Lokacin da nake karatun aikin jinya, an ba mu nazari a kan yadda ake fassara harbe-harben bindiga a Amurka, inda da zarar wani ya buɗe wa jama'a wuta sai a ce ai mahaukaci ne. A 2019, bayan kashe-kashen El Paso da Dayton, Shugaba Donald Trump ya ɗora laifin a kan taɓin hankali da ƙiyayya, ya wanke bindiga. Alhali binciken Jeffrey Swanson na Jami'ar Duke ya nuna cewa kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai na cin zarafin da ake yi wa wasu ake iya dangantawa da taɓin hankali mai tsanani shi kaɗai. Daga cikin mutum 48,830 da bindiga ta halaka a can a 2021 kuwa, fiye da rabi kansu suka kashe.

Na haddace, na ci jarrabawa, na ɗauka zancen Amurka ne. Sai yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a ranar 15 ga Afrilu, 2023.

A asibitin da nake aiki a garin Gadarif da ke gabashin Sudan, wata dattijuwa Bahaushiya da ta tsero daga birnin Wad Madani ta kawo ɗanta ɗan shekara 20 da mari a ƙafa, idon sawunsa duk ya yi gyambo. Na ce, "Inna, wa ya ce ki ɗaure shi?" Ta ce, "Ɗana, maƙwabta ne suka matsa mini, wai ya taɓu, ga shi gari cike yake da makamai, kada ya samu bindiga ya hallaka mu." Yaron nan bai taɓa riƙe bindiga ba, a gabansa aka harbe yayansa, kuma waɗanda suka yi harbin da hankalinsu garau suka yi shi. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado yana makyarkyata.

Tun daga ranar, idan na tambayi iyali ko akwai makami a gida, nakan bayyana musu cewa ran majinyacin nake tsoron ya salwanta, wato kada ya kashe kansa. Na kuma bi sawun Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malamai: limamin unguwar na nema, domin maganarsa ta fi tawa shiga kunnen maƙwabta.

Marin kuwa, makullinsa ya ɓace a hanyar gudu, sai da muka kira maƙeri ya yanke shi.