Fayil Ɗin Ina Ya Shiga?

Manhajar da na rubuta wa shagon yayana a Fagge ba wata gagaruma ba ce. Aikin shagon ɗinkin kwamfuta ne: bajen makaranta, sunan kamfani a aljihun riga, aikin wuyan kaftani, wani lokaci har hula. Abin da manhajar ke yi shi ne a shigo da hoton tambari, a bi shi da layi, a ɗora rubutu, a daidaita girma, sannan a fitar da fayil ɗin da injin zai karanta. Lissafin tafiyar allura shi ya cinye min lokaci, don a ganina nan aikin yake. Da aka fara amfani da ita kuwa, kiran da nake samu a waya kusan guda ɗaya ne, kuma bai shafi allura ba: "Fayil ɗin ina ya shiga?"

Aiki ɗaya a shagon nan wurare huɗu yake taɓawa. Kwastoma ya turo hoton tambari ta WhatsApp, a sauke shi a kwamfuta, ya faɗa foldar Downloads. Aikin da ake kan yi ana adana shi a foldar mai aikin, domin kowace makaranta da kowane tela yana da tasa. Fayil ɗin injin kuma filash yake shiga, a zare a kai wa injin. Tsarinsa DST ne, na kamfanin Tajima na Japan, wanda kusan duk injin ɗinkin kasuwa ke karantawa. A ciki akwai motsin allura da wuraren da za a tsaya a canza zare, amma babu launin zaren. Shi ya sa dole a sake fitar da hoto mai launi, a tura wa kwastoma ya amince, a kuma nuna wa yaron da ke kan injin ya san inda kore zai zauna da inda fari zai zauna.

Da farko na bar wa Windows ragamar akwatin zaɓar fayil, ita kuma tana da ɗabi'arta. Tana tuna foldar da kowace manhaja ta buɗe a ƙarshe, ta rubuta a rajistarta, wato ma'ajiyar saitunanta, ƙarƙashin wani mabuɗi mai suna LastVisitedPidlMRU. Foldar ƙarshe ta manhajar, ba ta aikin da ake yi ba. To ga yadda abin ke kasancewa. Yaro ya shigo da hoto daga Downloads, ya gama zane, ya danna fitarwa. Akwatin ya buɗe a Downloads. Shi kuma idonsa na kan sunan fayil, bai kalli sama ba, ya buga Enter, ya zare filash ya nufi injin. Ya yi ta neman zanen a ƙaramin allon injin, babu. Ya dawo, ya gyara, ya fitar a filash. Aiki na gaba ya zo shigo da hoto, akwatin ya buɗe a filash. Kamar ɗan aike ne da duk inda ka tura shi, gidan da ya je a aiken baya zai fara nufa.

A ranar da babu cunkoso wannan abin dariya ne. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli ke tsaye a bakin ƙofa kowa da ledar shaddarsa, ba wanda ke dariya.

Kafin in taɓa komai na leƙa yadda manyan manhajoji suka yi. Windows da kanta, tun daga fitowarta mai suna Vista, ta tanadi hanyar da mai rubuta manhaja zai ba kowane akwati lambar shaida tasa, SetClientGuid, ta yadda na shigowa zai tuna nasa wurin, na fitarwa ya tuna nasa. Ashe maganin yana nan, sai dai sai mai rubutun ya nema. GIMP kuma, manhajar gyaran hoto, a fitowarta ta 2.8 a 2012 ta raba adanawa da fitarwa gaba ɗaya. Mutane da yawa sun yi ta ƙorafi a lokacin, amma abin da ya burge ni shi ne kowane hoto yana riƙe da inda aka fitar da shi, sai dai ka danna Ctrl da E ya koma can. Inkscape, manhajar zane, tana rubuta sunan fayil ɗin da aka fitar a cikin takardar zanen kanta, sannan a saitunanta akwai zaɓi: ko akwatin adanawa ya buɗe a foldar da takardar take, ko a inda aka yi ajiya ta ƙarshe. Blender, manhajar zanen 3D, tana da alamar // wadda ke nufin "foldar da wannan aikin yake". Kowa da hanyarsa, amma duk sun gane cewa tambayar ba "wace folda ce ta ƙarshe" ba ce kawai. Ta ƙarshe a wane aiki, kuma na wa?

Na fara da raba ƙwaƙwalwar manhajar, wato foldar da take tunawa. Shigo da hoto yana da tasa, adana aiki yana da tasa, fitarwa kuma na raba ta biyu bisa nau'in fayil, domin DST da hoton kwastoma, mai tsarin PNG, ba gida ɗaya suke zuwa ba. Wannan ya ɗauke yawancin kiran wayar. Shigowa ma ta yi sauƙi, tunda kusan kullum Downloads ce.

Filash ce ta wahalar da ni. Yau harafinta E, gobe an rigaya an soka wayar wani tana caji ko wata filash ɗin, ta koma F. Idan manhaja ta haddace E, sai ta zuba zanen a filash ɗin waƙoƙin yaro, ko ta tarar babu E ɗin ta lallaɓa ta koma Documents ba tare da ta ce uffan ba. Wannan lallaɓawar ita ce mafi muni, don mutum ya ga an rubuta "an gama" kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Na gwada gane filash da lambar da Windows ke ba ta, sai na tarar lambar tana canzawa duk lokacin da aka yi mata fomat, su kuwa yaran nan da sun ji ƙishin-ƙishin bairos fomat ne maganinsu. A ƙarshe muka raɗa wa filash ɗin suna, INJI, manhajar ta riƙa neman sunan ba harafin ba. In ba ta same ta ba, ba ta zaɓar wa kowa wani wuri. Tsayawa take ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa filash ɗin injin ba ta jiki, a soka ta ko a zaɓi wani wuri da hannu.

Sai kuma hoton kwastoma, inda na gane cewa tuna wuri ma yana iya yin ɓarna. Yaran suna da ɗabi'ar sa wa komai suna ɗaya: baje, baje sabo, baje sabo 2. An gama na wata makarantar Islamiyya an fitar da hoton a foldarta. An buɗe na wata firamare, aka danna fitarwa, akwatin ya buɗe a foldar Islamiyyar domin ita ce ta ƙarshe, sunan kuma "baje". Windows ta tambaya ko a maye gurbin na da, yaro ya danna eh kamar yadda ya saba danna eh ga duk abin da ya fito masa. Bayan makonni Islamiyyar ta dawo a ƙara mata dozin biyar, aka buɗe foldarta aka tarar da tambarin wasu. Allah ya sa ainihin aikin yana nan, hoton ne kawai ya tafi. Daga nan na cire wannan ƙofar, wato akwatin fitar da hoto, daga tsarin "na ƙarshe". Hoton yana bin aikinsa: inda aka adana aikin, nan akwatin zai buɗe, in kuma an taɓa fitar da shi a wani wuri daban, aikin ne zai riƙe wannan bayanin a cikinsa.

A nan akwai wani ɗan tarko. In ka rubuta cikakkiyar hanyar folda a cikin fayil ɗin aiki, tun daga C har sunan mai kwamfutar, to ranar da aka kwafe aikin zuwa wata kwamfutar hanyar ta mutu, sannan duk wanda aka tura wa fayil ɗin zai iya ganin sunan. Dabarar Blender na ara, na riƙa rubuta hanyar daga inda aikin yake zaune.

Wuta ma ta koya min nata. Da ina rubuta abin da manhajar ta tuna ne a lokacin rufe ta. A shagon nan kuwa ba kasafai ake rufe manhaja ba, NEPA ce ke rufewa, kafin a tada janareta kwamfutar ta mutu da duk abin da ta haddace tun safe. Yanzu da an fitar da fayil, a take ake rubutawa.

Inda muka sha bamban da Yaya shi ne kan ko ya kamata manhajar ta riƙa koyo ma. Shi so yake a kafe komai. "Kai dai ka ɗaure ta wuri ɗaya," in ji shi, "ban son abin da ke canza ra'ayi." Na ce, "Yaya, in na ɗaure ta, ranar da kuka karɓi aikin rigunan kamfen kuka yi sati a folda ɗaya, kullum sai yaran sun yi ta laluben hanya." Ya ce laluben da ka san da shi ya fi saurin da ba ka san inda zai kai ka ba. Ban ga laifin maganarsa ba, don shi ke biyan kuɗin shaddar da aka ɓata. Muka tsaya a tsakiya: a saituna kowace ƙofa tana da zaɓi uku, kafaffiyar folda, ko ta ƙarshe, ko wadda aikin yake. Ya kafe ta filash da hannunsa, ya bar sauran yadda na tsara.

Abin da ya fi duk waɗannan rage kuskure, ga mamakina, bai shafi tunawa ba. Na sa sunan foldar da fayil zai shiga a jikin maɓallin fitarwar kansa, da manyan baƙaƙe, yadda hannu ba zai kai gare shi ba sai ido ya karanta. Bayan an fitar kuma wani layi ya bayyana a ƙasa da cikakkiyar hanyar, wanda in an danna shi foldar za ta buɗe. A yamma ɗaya na gama wannan aikin.

Saura matsala guda da ban warware ba tukuna. Yara biyu ne ke karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya da asusun Windows ɗaya, na safe yana sauke hotuna a Downloads, na yamma ya fi son ya ajiye su a fuskar kwamfuta, wato Desktop. Manhajar ba ta san an yi canjin hannu ba, don haka kowa ya zauna sai ya tarar da wurin ɗan'uwansa. Na ba da shawarar a buɗe wa kowa asusunsa, Yaya ya ce ba zai iya da rigimar lambar sirri biyu ba. Abin da nake gwadawa yanzu shi ne akwatin shigowa ya jera foldoji uku na baya-bayan nan a gefe, kowa ya danna tasa.