Rumfar da na gano a waya, da abin da gara ta yi mata

Hoto ne ya ja ni. Wani dare ina latse-latsen waya na ci karo da rumfar katako irin ta Turawa, ginshiƙai huɗu, an jera siraran katakai a sama da tazara tsakaninsu. Washegari na kira kafinta na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yallaɓai, ina rufin?" Na ce ai haka ake yayi. Ya ce to, Allah ya sa alheri.

Ƙannena masu sabon gida, ku fara da tambayar kafintan nan. Bature yana kafa irin wannan rumfa ne don rana ta riƙa ɗan taɓa shi, mu kuwa gudunta muke yi. A Kano cikin Afrilu zafi kan haura digiri 40, rana kuma a tsakar ka take tsayawa. Ranar da aka gama aiki na shimfiɗa tabarma bayan azahar, inuwar da na samu layi-layi ce kamar takardar rubutu. Ga shi na bar ɓangaren yamma a buɗe, da la'asar rana ta shigo har ƙarƙashin kujera. Da na yini ɗaya a tsakar gidan ina lura da inda inuwa ke faɗawa kafin a haƙa rami, da ban yi wannan ɓarna ba.

Wautar da ta fi ci min rai ita ce ta katako. A Na'ibawa 'Yan Katako mai shagon ya ba ni shawara in ɗauki maɗaci busasshe, ko da na ginshiƙai kaɗai ne. Na ji kuɗin, na juya wajen farin katako mai araha wanda ko gama bushewa bai yi ba. Hunturu na kamawa ya fara tsagewa yana lanƙwashewa, ƙusoshi suna leƙowa. Ginshiƙan kuma kai tsaye muka binne su a ƙasa, sai bayan an kafa na bi su da baƙin mai na shafe inda ido ke gani. Gara ba ruwanta da inda ido ke gani. Ta ƙasa take shiga, ta cinye ciki ta bar maka ɓawo sumul. Ban farga ba sai ranar da na ƙwanƙwasa ginshiƙi ɗaya na ji yana amsawa kamar ganga, na danna makullin babur ya shige har rabi.

A tsakani na buga kwano a sama don neman inuwa. Iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas, ta samu abin kamawa ta kwantar da rumfar gaba ɗaya. Allah ya tsare babu kowa a ciki.

Ta biyun ga yadda na yi ta. Kowane ginshiƙi yana zaune kan dandamalin kankare da ya tashi taƙi guda daga ƙasa, mai walda ya yi masa takalmin ƙarfe, an ɗaure da noti maimakon ƙusa. Maganin gara kafin a harhaɗa aka shafa, musamman bakin da zarto ya yanka. Saman kuwa azara na sa. Magina na da ba banza suka riƙe giginya wajen rufin soro ba, gara ba ta cika iya mata ba. Na shimfiɗa asabari a kai, iska na ratsawa, in ya mutu a canja.

In za ku sa shuka ta hau, ku sani soso yana rufe rumfa cikin damina ɗaya, amma da rani ya bushe, daidai lokacin da ake neman inuwar. Inabi yana son haƙuri da ban ruwa.

Ragowar katakon rumfar farko uwargida ta kwashe, da shi aka soya naman babbar Sallah. Ta ce ko wutar kirki bai yi ba.