Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kura da Shan Bugu

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Kawu na Mabera, na kuma yi alkawarin yau zan shiga zancen aurena na fari. Ku yi mini afuwa, ba zai samu ba. Tun da na ambaci Kawu wata magana tasa ta hana ni sakat, ita kuwa maganar ba ta rabuwa da ƙwallon kwando, don haka gara in sauke ta tukuna.

Duk wanda ya san gidanmu ya san mu dogaye ne, gadon wajen Inna ne, ni kuma na ɗara kowa. Yaya Babba ne ya dawo hutu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kaset ɗin bidiyo na wasan ƙarshe na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na 1994, Houston Rockets da New York Knicks. A nan na fara ganin Hakeem Olajuwon. Haifaffen Legas, Musulmi, mutumin da yake shiga fili da azumi a bakinsa a watan Ramadan, ya kai Houston ga kofi a 1994, ya maimaita a 1995. Mun kalli kaset ɗin nan har hoton ya fara rawa. Da zumuɗina na je na sami Kawu a zaure yana ware fatun jar akuya, na ce masa ga abin da nake so in yi da tsawona. Bai ɗago ba ma. Ya ce, "Wanga da kaka gani cikin akwati, shi ad da hilin? Shi ad da kuɗɗin da aka amsa bakin ƙohwa? Ɗana, kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi." Ya miƙo mini fata ya ce in riƙe masa gefe.

Na ji haushinsa ƙwarai a ranar. Ban daina zuwa filin Giginya bayan la'asar ba, amma ba a taɓa saya mini takalmin wasa a gidanmu ba, da silifas na koya, daga baya da kambas ɗin gwanjo.

Masu tambayata me ya haɗa Basakkwace da Toronto Raptors, ƙungiyar da ke can Kanada, to Olajuwon na bi. A 2001 ya bar Houston ya koma can. Ƙungiyar yarinya ce a lokacin, a 1995 ta fara wasa, kuma ta sha wuya, akwai kakar da ta ci wasa 16 kacal cikin 82. Zuwan Vince Carter a 1998 ya ɗan ɗaga ta, har a 2001 suka kai zagaye na biyu na wasannin fitar da gwani, inda sai wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai yake wucewa. A wasa na bakwai Philadelphia ta fitar da su da maki ɗaya tak, Carter ya jefa ta ƙarshe ta ƙi shiga. Olajuwon kaka ɗaya ya yi musu, ciwon baya ya sa ya ajiye wasa. Shi ya tafi, ni na zauna. Carter ya bar su a ƙarshen 2004, Chris Bosh ya bar su a 2010 ya tafi Miami. Kowane gwani ya yi ƙarfi sai ya tsere wa sanyin Kanada. Shekarun nan ba ni da abin faɗa a kansu, ina fama da shago, su ma suna fama da kansu.

Abin da nake da shi na faɗa filinmu ne.

Wani kango ne a bayan makarantar unguwarmu, juji da tumfafiya. Ni na nemi izini, ni na bi shaguna da kwano ana karo-karo. Mun share shi da hannunmu a watan Afrilu, zafin Sakkwato da kuka sani, ba ma iya farawa sai rana ta yi sanyi. Mai walda na bakin Tsohuwar Kasuwa ya lanƙwasa mana rodi ya yi zoben, na tsaya a kansa da tef sai da faɗinsa ya cika inci 18, muka kafa shi ƙafa goma daga ƙasa kamar yadda doka ta ce. Ragar kuwa wani dattijo masunci a Kwalkwalawa ya saƙa mana da zaren koma, yana saƙa yana dariya wai wane irin kifi ne za a kama da raga mai ɓulallen gindi. Kuma in faɗi gaskiyar Kawu, Allah ya jiƙansa: ana gobe za mu zuba daɓe sai ga amalanke da buhunan siminti daga wajensa. Da na je godiya ya ce ba don ƙwallo ya bayar ba, don kada a ce ɗan ƙanwarsa ya fara abu ya kasa ƙarasawa.

Yara suka taru. Wasu sai na je gida na durƙusa gaban iyayensu na yi alkawarin ba mai fashin Islamiyya, ba mai wuce magariba a fili. Da hunturu hannuwansu suna tsagewa, ƙwallo tana fama musu, ni ke sayen man kaɗe ina shafa musu. Wanda ya gurɗe ƙafa ni ke goya shi a babur zuwa wajen mai ɗori. Shekaru muna haka har suka zama 'yan wasan da ake jin tsoro a garin nan.

Da aka gayyace mu wata gasa a wajen jiha sai ga wani bawan Allah, ba zan kama sunansa ba, ya san kansa, ya zo da riguna sababbi da motar bas da wani koci mai takardar shaida. Na yi murna, wallahi na yi murna, na ɗauka taimako ne ya zo. Ana jibi tafiya aka aiko mini yaro, cikin yaran da na koya wa riƙon ƙwallo, ya tsaya a ƙofar shago yana sunkuyar da kai ya ce, "Malam, an ce in gaya maka babu wuri a mota." Ko kiran waya mutumin nan bai yi mini ba. Suka je suka ciyo kofi. Hoton da aka ɗauka yana tsakiya da babbar riga ya rungume kofin. Da labari ya kai wa Kawu bai yi mini dariya ba, ya dai girgiza kai ya ce, "Ai na gaya maka. Kura da shan bugu."

Na yi gaba da yawa, bari in koma Toronto.

A 2013 suka ɗauko Masai Ujiri ya shugabanci harkar wasan ƙungiyar. An haife shi a Ingila amma a Zariya ya tashi, a can ya koyi ƙwallon kwando, kuma kafin zuwansa Toronto ya riga ya karɓi kyautar gwarzon shugaban ƙungiya na NBA a Denver. Yaya Babba har yau yana cika baki wai ƙasar da Masai ya taka shi ma ya taka. Ni kuwa sai na ji ƙungiyar ta zama tamu ta gida. A Disambar shekarar ya sayar da Rudy Gay, kowa ya ɗauka rushe ƙungiyar zai yi ya sake gini, sai ga yaran da suka rage sun kama cin wasa. Kyle Lowry da DeMar DeRozan ne ke jan su, Dwane Casey yana koci. Suka ci wasa 48, suka shiga fitar da gwani karon farko tun 2008, Brooklyn ta cire su a wasa na bakwai da maki ɗaya, Paul Pierce ya tare jifar Lowry ta ƙarshe. A 2015 Washington ta yi musu huɗu ba ko ɗaya. A 2016 suka ci wasa 56, suka kai wasan ƙarshe na shiyyar gabas, LeBron James da Cleveland suka tsayar da su huɗu da biyu. A 2017 Cleveland ta sake, huɗu ba ko ɗaya. A 2018 Toronto ta ci wasa 59, ita ce ta ɗaya a gabas, muka ce bana kam sai mu, LeBron ya sake share su huɗu ba ko ɗaya.

Abin da Masai ya yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. A watan Mayu ya sallami Casey, mutumin da ke tare da su tun 2011, wanda ya ɗauko su daga ƙasa. Wata guda bayan haka aka kira Casey aka ba shi kyautar gwarzon koci na shekara, ya karɓa ba shi da ƙungiyar da ya ci kyautar da ita. A watan Yuli kuma ya tura DeRozan San Antonio ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. DeRozan fa! Yaron da suka ɗauka tun 2009, ɗan Compton a gefen Los Angeles, wanda a 2016 yake da damar komawa gida ya ƙi, ya sake sa hannu a Toronto. Babu wanda ya kai shi yawan maki a tarihin ƙungiyar. Duk gwanayen baya gudu suka yi, shi kaɗai ya ce nan ne gidansa, shi kuma aka fitar. Wanda aka karɓo kuwa wasa tara kacal ya yi a kakar da ta wuce saboda rauni, shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Ranar da na ga labarin a waya na rufe shago da wuri. Kawu ya riga ya rasu, amma muryarsa nake ji, gardi da amsar kuɗɗi. Yaron nan da ya tsaya a ƙofar shagona shi nake gani.

Na yi rantsuwar ba zan sake kallon su ba a zuciyata, ban furta ba, Allah ya taimake ni.

Nick Nurse ya karɓi horarwa. Suka ci wasa 58, suka ƙaro Marc Gasol daga Memphis a watan Fabrairu. Pascal Siakam, ɗan Douala ta Kamaru, wanda aka ɗauka na 27 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016 ba wanda ya damu da shi, ya zama abin tsoro. Ga Serge Ibaka ɗan Kongo, ga Fred VanVleet da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi ranar zaɓen sababbin 'yan wasa. Suka wuce Orlando huɗu da ɗaya, suka haɗu da Philadelphia, ita dai wadda ta fitar da su a 2001, aka kai wasa na bakwai ranar 12 ga Mayu, 2019.

Azumi ake yi. Bayan asham na je na roƙi mai gidan kallo na layinmu ya buɗe mana, ni na sayi man janareto, don a nan Sakkwato sai sha biyun dare ake fara wasan. Ba mu cika benci biyu ba. Maki 90 da 90, saura daƙiƙa huɗu da ɗoriya. Aka ba Kawhi ƙwallo, ya zagaya da gudu zuwa kusurwar dama, Joel Embiid na Philadelphia da duk tsawonsa ya taso masa, ya jefa ta sama da hannunsa ya tsuguna a bakin layi yana kallo. Ƙwallo ta bugi zobe ta yi sama, ta sake bugawa, ta tsallaka ɗaya gefen ta buga sau biyu, sannan ta faɗa. 92 da 90. Mai gidan kallo, wanda bai san dokar wasan ba ko ɗaya, ya yi kabbara da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Embiid ya fita yana kuka. Na koma gida na tarar uwargida ta tashi ɗumamen sahur, ta dube ni ta ce, "Maigida, lahiya kake ta murmushi kai ɗai?"

A wasan ƙarshe na shiyyar gabas, Milwaukee ta gwaninsu Giannis Antetokounmpo, shi ma iyayensa 'yan Najeriya ne, ta ci su biyun farko, suka rama huɗu a jere. Wasan ƙarshe da Golden State an fara shi a goman ƙarshe na azumi, Siakam ya zuba maki 32 a wasan farko. Ba zan ɓoye ba, rauni ya ci Golden State, Kevin Durant ya tsinke jijiyar dunduniya a wasa na biyar, Klay Thompson ya ji ciwo a gwiwa a na shida. Amma kofi ba ya tambaya. Ranar 13 ga Yuni a Oakland, mu nan asubahin Juma'a ce dab da kiran assalatu, Toronto ta ci 114 da 110. Lowry, aminin DeRozan, shi ya ci wa Toronto maki 11 na farko a wasan. Karon farko ke nan da kofin NBA ya fita daga Amurka, kuma yaron Zariya ne ya fitar da shi.

Na yi farin ciki, na kuma yi ta neman fuskar da na san ba ta cikin hoton.

Na daɗe ina auna abin nan. A wajen wasa Masai ya yi daidai, da DeRozan ba za su wuce inda suka saba tsayawa ba, wannan ra'ayina ne kuma yana yi mini ciwo. Kawhi ma wata guda bayan kofi ya tattara ya koma Los Angeles Clippers. Amma kada wani ya haɗa mini Masai da mutumin da ya karɓe mini yara, kamar yadda wani abokina ya taɓa yi wai ai duk harkar ƙwallo haka take. Masai shekara shida ya yi yana ginin nan da kansa, shi ya nemo Siakam da VanVleet tun ba a san su ba, ya sa sunansa da aikinsa a kan cinikin da zai iya kayar da shi. Da DeRozan ya nuna an ci amanarsa, Masai ya fito gaban 'yan jarida ya ba shi haƙuri. Shi wannan namu bulo ɗaya bai ɗora ba, bai san ranar da aka kafa zobe ba, kuma har yau kalmar haƙuri ba ta fito daga bakinsa ba. Muna haɗuwa a ɗaurin aure, ya yi sallama in amsa don addini ya wajabta, iyakarta ke nan.

A watan Yunin 2025 Toronto ta rabu da Masai shi ma. Da Kawu yana raye na san abin da zai ce, kuma wannan karon da ban yi masa musu ba.

Kwanan baya aka kawo mini labarin cewa mutumin nan ya tsaya a wani taron matasa yana faɗin wai shi ya gina filin bayan makaranta da kuɗinsa. Simintin Kawu ne a ƙasan filin nan, da ɗari biyar-biyar ɗin masu shaguna. Ranar da muka zuba daɓe akwai mai hoto da ya zo, na tuna ya ɗauke mu ina riƙe da shebur, ƙafafuna duk siminti. Nawa kwafin ya lalace a ruwan da ya shiga ɗakin Inna. Cikin yaran wancan lokaci duk wanda iyayensa suka ajiye nasu, don Allah ya ɗauka da waya ya turo mini, ina so in sa shi a kashi na gaba.