Yadda jirgi marar matuƙi yake lura da maƙwabtansa a teku

An gina jirgin Yara Birkeland na ƙasar Norwe, mai tsawon mita 80 kuma mai aiki da batir, domin ɗaukar takin zamani daga Porsgrunn zuwa tashar Brevik, da burin wata rana ya yi tafiyar ba kowa a cikinsa. Kafin a kai ga haka, dole kwamfutarsa ta iya aikin da dokokin kauce wa karo a teku na 1972 suka ɗora wa ɗan'adam, wato sa ido da kasa kunne a kowane lokaci.

Gano manyan jiragen da ke kusa yana da sauƙi. Tun daga ƙarshen 2004, wajibi ne kowane jirgin da girmansa ya kai tan 300 mai zirga-zirga tsakanin ƙasashe, da duk jirgin fasinja, ya ɗauki na'urar AIS, wadda take shelar sunansa da inda yake da saurinsa da inda ya dosa bayan 'yan daƙiƙoƙi idan yana tafiya. Kwamfuta tana haɗa wannan da abin da rada (na'urar hango abubuwa daga nesa) da kyamarori suka nuna, sannan ta lissafa tazarar da za ta rage tsakanin jiragen biyu a lokacin da suka fi kusantar juna, da mintunan da suka saura kafin hakan. Idan tazarar ta yi kaɗan, doka ta fayyace abin yi: jirage biyu da suka yi gaba da gaba kowanne ya karkata dama, idan kuwa hanyoyinsu za su gitta, wanda yake ganin ɗan'uwansa a damansa shi ne zai kauce.

A ganina, wahalar tana wurin waɗanda ba sa shelar kansu da waɗanda ba sa bin doka. Kwale-kwalen masunta na katako galibi ba su da AIS, rada ma ba ta cika kama su ba idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kuma wasu kyaftin sukan kashe na'urar da gangan a ruwan da ake fargabar 'yan fashi, kamar mashigin tekun Gini. Ko jirgin da ake gani sarai ba a da tabbacin zai kauce. A ranar 10 ga Maris 2025, jirgin kwantena Solong ya afka wa tankar mai Stena Immaculate alhali tana tsaye a kan anga a gabar gabashin Ingila, ma'aikaci ɗaya ya rasa ransa.

Saboda haka bai isa kwamfuta ta haddace doka ba, sai ta iya gane lokacin da jirgin da ya kamata ya kauce ya ƙi motsawa, ta kauce da kanta kamar yadda doka ta 17 cikin dokokin 1972 ta ba da dama. Dokar ba ta faɗi a tazarar mita nawa za a yanke wannan shawara ba, ta bar ta ga hankalin matuƙi, kuma wannan adadin ne injiniyoyi suke neman rubuta wa na'ura.