Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Juma'ar da Ba Mu Je Masallaci Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce mun tsaya a inda na kama ɗaki a Lackawanna, wani ɗan gari da ke manne da Buffalo a jihar New York, a bakin tafkin Erie, mutanensa kusan dubu 20 ne. Musulman garin yawancinsu 'yan Yaman ne, aikin kamfanin ƙarfe ya kawo iyayensu da kakanninsu, mai gidan da nake haya ma wani dattijo ne daga cikinsu, Baba nake ce masa.

To ranar Juma'a 23 ga Disamba 2022 da ruwan sama muka wayi gari, kafin hantsi sanyi ya sauko lokaci guda, titi ya daskare, sai ga iska ta taso ta kan tafkin tana kwaso dusar ƙanƙara. A garinmu an auna gudunta har mil 79 a awa. Ku tuna hazon hunturu mafi kauri da kuka taɓa gani a Kano, to wannan fari ne fat kuma yana dukan fuska, wallahi in ka miƙa hannu da kyar kake ganin yatsunka. Ƙarfe tara da rabi na safe aka hana tuƙi, amma lokacin talakawa sun riga sun fita, wasu wurin aiki, wasu cefanen Kirsimeti, kuma har yau abin nan na ci min rai don mai kuɗi tun Laraba ya cika firjinsa ya kulle ƙofa, wanda ke jiran albashin Juma'a shi ne mota ta maƙale da shi a hanya.

Da yamma wuta ta ɗauke. Hitar gidan da gas take aiki amma fankarta sai da lantarki, kenan babu ɗumi. Baba ya hawo sama yana haki ya ce, "Ɗana, sauko ƙasa, yau ba mai kwana shi kaɗai a gidan nan." Muka taru a falo ɗaya, shi da matarsa da jikoki da wata maƙwabciya Kirista mai ciwon suga da ya sa muka je muka riƙo hannunta, aka toshe ƙasan ƙofofi da tawul, kowa ya ƙudundune cikin bargo. Na ce a bar murhun girki a kunne ya ɗumama mu, ya ce, "A'a, hayaƙin nan ba shi da wari, barci za ku yi ku wuce." Shayi kawai ake dafawa a kashe. A daren nan ko motar asibiti ba ta iya fita, su ma masu ceton maƙalewa suka yi.

Awa 37 guguwar ta yi ba sassauci, a filin jirgin Buffalo dusar ta haura inci 50. Mutum 47 suka rasu a yankin, wasu cikin mota, wasu an tono su a gefen titi, wasu kuma zuciyarsu ce ta buga suna kwasar dusa da shebur. Allah Ya kiyaye mu da irin wannan.

Sati mai zuwa in sha Allahu zan ba ku labarin yadda samarin unguwa muka bi gida gida da shebur muna ƙwanƙwasa ƙofa, da yadda muka yi da maganar allurar maƙwabciyar nan da ta ƙare.