Kwana biyar babu ɗumi a Miniyapolis, Amurka

Alhamis. Na tashi sallar asuba da safa biyu a ƙafa, na duba ma'aunin da ke bangon falo: digiri 9. A waje kuwa ya kai 20 ƙasa da sifili. Tun Lahadi da injin ɗumama gidanmu ya tsaya muke kwana ɗaki ɗaya da yara, ƙaramar hita na fama a lungu. Famfon kicin da na banɗaki mun bar su suna ɗiga dare da rana, don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu. Ƙarar ɗigar nan ta fi sanyin damuna.

Lokacin da muka sayi gidan, tsohuwar da ta sayar mana ce ta biya garantin gida na shekarar farko, wato yarjejeniya da kamfanin da ke biyan gyara ko sauya na'urorin gida idan sun lalace. Da ya ƙare na dage sai mun sabunta, Maigida yana cewa asarar kuɗi ce tunda muna da inshora. Ai inshora ta gobara ce da guguwa, babu ruwanta da injin da tsufa ya kashe. Namu shekararsa 19.

Sai dai garantin ma ba a cin sa da sauƙi. Ka kira, ka biya dala 100 kuɗin zuwa, su turo makanikin da suka ga dama, ba wanda kake so ba. Na ranar Litinin ya haska mini da fitilar wayarsa wata tsaga kamar tsawon yatsana a jikin ƙarfen da wuta ke zafafawa. Ta nan, in ji shi, iskar guba marar wari ke iya sulalewa cikin ɗakuna. Nan take ya rufe gas, ya ɗaura jan kati a jikin injin. Kamfanin kuma suka ce sai mun nuna shaidar ana kula da shi, in ba haka ba sakaci ne, ba za su biya ba. Allah ya saka wa tsohuwar nan da alheri. Ta bar wata ambulan a durowar kicin cike da rasit na duban kowace kaka, wadda sau biyu ina niyyar jefarwa a shara. Ita ta fitar da mu.

Yau ƙarfe 8 da rabi ma'aikata biyu suka iso da sabon injin. Kafin su kwance ko ƙusa ɗaya babban ya miƙo takarda: dala 850 daga aljihunmu. Garanti ya ɗauki injin da kuɗin aiki, amma takardar izinin hukumar birni, sabon bututun hayaƙi da dokar gini ta yanzu ke buƙata, da kwashe tsohon, duk namu ne. Maigida ya shafe minti 40 a waya yana sauraron kiɗa kafin wata ta ce ya duba yarjejeniyar. Yana nan kuwa, da ƙananan haruffa. Na ce, "Baban yara, biya kawai, yaran nan sun gaji." Ya biya yana tsaki.

Ana cikin aikin Hajiya ta kira daga Kano. Da ta ji labari sai ta ce, "Ke kuwa ki hura kasko mana ki sa a ɗaki!" Na ce, "Hajiya, gidajen nan a toshe suke ruf, garwashi ɗaya sai a wayi gari da gawa." Ta yi shiru, can ta ce, "To, ku kuka zaɓi ƙasar ƙanƙara. Allah ya tsare."

Wajen la'asar suka kunna. Da farko wani wari ya tashi kamar na sabon dutsen guga, suka ce man masana'anta ne ke ƙonewa, zai wuce. Ƙaramin ya nuna mini inda filta take, ya ce in riƙa canzawa duk wata uku, in kuma ajiye rasit. Mai duba aiki daga hukuma sai mako mai zuwa.

Auta ta kwanta rub da ciki a kan ragar da iskar ɗumi ke fitowa, ta ƙi tashi har magariba. Ni kuma na zagaya na ɗaure famfunan nan biyu tamau, rasit ɗin yau na zura shi cikin ambulan ɗin tsohuwa.