Muryoyi biyar da waƙoƙin daren Asabar

Mu biyar ne a ƙungiyarmu ta mawaƙa a Balin, babban birnin Jamus, mata uku, maza biyu, ba mu da abin kiɗa sai maƙogwaro. Wata abokiyar karatuna Bayahudiya ta roƙe mu mu rera a walimar daren Asabar a gidansu, wato daren Juma'a wayewar Asabar, ranar hutun ibadar Yahudawa da suke kira Shabat. Abin ya zo mana daidai, don masu riƙo da al'ada a cikinsu ba sa taɓa kayan kiɗa a ranar.

Na fara da Louis Lewandowski, mai tsara waƙoƙin ibadar Yahudawa, tunda a garin ya yi aikinsa har ya rasu a 1894. Waƙoƙinsa da daɗi, sai dai yawanci ya tsara su ne don babbar ƙungiya a majami'ar Yahudawa, mu biyar kuwa sai muka ji kamar rabin mutane ba su zo ba. Salamone Rossi ne ya fisshe mu. Bayahude ne ɗan Mantuwa a Italiya, an buga waƙoƙinsa 33 na Ibrananci a Benis wajen 1623, daga masu murya uku zuwa takwas. Muka ɗauki masu murya biyar, babu abin da muka taɓa.

Aikin gaske ya zo da nigun ɗin kakan abokiyar tawa, wato kari marar baiti, sai "ai-di-dai" kawai. Ba a rubuce yake ba. Ta naɗo tsohon a waya yana rerawa, tari na katse shi, ni kuma na zauna da fiyano ina lalubo sautukan. Karin yana kan tsarin da suke kira Ahaba Rabba: sauti na biyu ya sauko, na uku ya ɗaga, tsakaninsu rata mai faɗi. Duk wanda ya saba sauraron makarantan Alƙur'ani na Masar zai gane shi nan take, ɗan'uwan karin ƙira'a ne da ake kira maƙamin Hijaz.

Wannan ratar ita ce ran waƙar, kuma haɗin murya huɗu irin na coci yana cike ta, ya bar waƙa lami. Saboda haka na rage hannu. Mai kakkaurar murya ya riƙe sautin tushe, ba ya motsi sai gab da ƙarshen jimla, inda zai sauka taki ɗaya ya dawo. Mace guda ta ja karin, sauran suna shigowa kamar 'yan amshi, sai a zagaye na uku muka buɗe muryoyin duka. Mun fara a hankali, muna ƙara sauri da kowane zagaye, yadda tsohon yake yi.

Kafin a koya wa mutane baiti, a tambayi masu gida lafazinsu. Takardunmu sun ce Shabat, irin na Isra'ila, tsohon kuwa Shabos yake cewa, da nauyi a gaɓar farko, sai da na matsar da wuraren numfashi. Abokiyar tawa ta kuma gargaɗe mu cewa a wajen gwaji ba a furta sunan Ubangiji da ke cikin addu'a, Hashem ake cewa a madadinsa.